Takobin hannu biyu ko takobi da garkuwa? Amsa ga mai shirin gina faita a D&D

Ɗan'uwa ka ce za ka fara wasan Dungeons & Dragons, wasan da ake bugawa a tebur da dayis, da faita, wato mayaƙi, ranka ya biya da ƙaton takobin nan da ake riƙewa da hannu biyu, amma abokan wasanka sun ce gara ka ɗauki garkuwa kar ka zama na farkon faɗuwa, sannan ka buɗe littafin ka ga salon faɗa kala-kala ka rasa wanda za ka ɗauka. Toh bari in faɗa maka yadda na fahimci abin, don na daɗe ina jan wasan nan kuma na buga irin mayaƙin da kake so ba sau ɗaya ba.

Kafin komai ka tambayi mai jan wasanku, wato mai ba da labarin da sarrafa dodanni, wace doka kuke bi, ta 2014 ko wadda aka sabunta a 2024. Duka biyun bugu na biyar ne amma daidai kan makaman hannu biyu an taɓa abubuwa da yawa, shawarar da ta yi daidai a ɗaya za ta iya zama asara a ɗayan. Sannan kar ka haɗa abu biyu da sababbi ke yawan haɗawa, makami ɗaya da ake riƙewa da hannu biyu daban, riƙe makami biyu ɗaya a kowane hannu daban. Na biyun yana da daɗi a farkon wasa, a lebul 1 mai gajerun takubba biyu da salonsu da ƙarfin +3 yana fitar da ɓarnar maki 13 a zagaye in duka sun samu, mai ƙaton takobi 11 da ɗan wani abu. Amma da an kai lebul 5 faita ya samu sara na biyu sai lissafin ya juya, da ƙarfin +4 mai ƙaton takobi ya haura 24, mai takubba biyu yana 22 da rabi, kuma shi kullum sai ya kashe bonas ɗinsa, wato ɗan ƙarin aikin da ake samu sau ɗaya a zagaye, kafin ya kai nan. Wannan kenan, mu koma kan naka.

Abin da nake so ka riƙe shi ne ɗaukar makamin hannu biyu ciniki ne, garkuwa ka sayar, kuma makamin shi kaɗai ba ya mayar maka da kuɗinka. Garkuwa +2 take ba ka a AC, wato lambar da abokin gaba zai kai kafin ya same ka. Mutane suna ganin 2 sai su raina, alhali in dodo yana samunka rabi da rabi, yana buƙatar 11 a dayis mai fuska 20, da garkuwa sai ya buƙaci 13, daga kashi 50 ya sauko 40, ɗaya cikin biyar na saran da za ka sha ya tafi kenan. Kuma in ka kai matsayin sayen sulken ƙarfe cikakke, wanda littafin ya sa wa zinari 1,500 da AC 18, amfanin garkuwa ƙaruwa ma yake yi, dodo mai +5 yana samun AC 18 kashi 40, AC 20 kuwa kashi 30, ɗaya cikin huɗu ya ragu. Duk wannan da garkuwar zinari 10. Saboda haka abokanka ba shirme suka faɗa maka ba.

Me ka samu a madadinta? Ƙaton takobi yana jefa dayis biyu masu fuska shida, irin na ludo, abin da ake rubutawa 2d6, matsakaicinsa 7. Dogon takobi na hannu ɗaya 1d8 ne, matsakaici 4.5. Bambanci 2.5 a kowane sara, ba laifi. Amma mai garkuwa zai ɗauki salon da ake kira Dueling ya ƙara +2 ya zama 6.5, kai kuma ka ɗauki Great Weapon Fighting wanda a dokar 2014 yake ba ka damar sake jefa duk dayis ɗin da ya nuna 1 ko 2, sai ka kai 8.33. Kaga ratar da ke tsakaninku ba ta kai 2 ba, shi kuma yana bayan garkuwarsa. A lebul 1 zuwa 3 wallahi in lissafi zalla za a bi mai garkuwa ne ya yi ciniki mai kyau, ba zan ɓoye maka ba. Ribar makamin hannu biyu sai daga baya take zuwa, lokacin da sara ya ƙaru a lebul 5, ya zama uku a lebul 11, da kuma baiwowi, wato iyawa ta musamman, da ake ɗauka a lebul 4 zuwa sama waɗanda ba sa aiki sai da makami mai nauyi.

Tunda na taɓo salon bari in gama da shi, don nan ne mutane ke yin kuskuren da ya fi ba ni haushi. Suna gani an rubuta Great Weapon Fighting sai su ce ai ni mai babban makami ne dole shi zan ɗauka. Ba dole ba ne. A kan 2d6 yana ƙara 1.33, a kan gatari mai 1d12 yana ƙara 0.83 kawai, daga 6.5 zuwa 7.33, a kan dogayen makamai masu 1d10 kuma daga 5.5 zuwa 6.3. A dokar 2024 ma sai aka ƙara rage shi, ba a sake jefawa, duk 1 ko 2 sai a ɗauke shi a matsayin 3, takobi ya tashi daga 7 zuwa 8, gatari daga 6.5 zuwa 6.75, wato rubu'in maki ɗaya, wannan ai ko a jikin goblin ba za a ji ba. Kuma masu faladin, wato mayaƙi mai ikon addu'a, su sani, hukuncin da kamfanin ya fitar kan dokar 2014 ya ce sake jefawar na dayis ɗin makami ne kawai, ban da dayis ɗin Divine Smite, ƙarin ɓarnar da faladin ke ɗorawa a sara, duk da wasu masu jan wasa suna ƙyalewa. Ni shawarata in ba takobi ko guduma mai 2d6 za ka riƙe ba ka ɗauki Defense, +1 a AC muddin kana sanye da sulke. Rabin garkuwar da ka sayar ya dawo kenan, kuma yana aiki a kowane hari da aka kawo maka, ko ka canza makami daga baya ba ka yi asarar komai ba. Ko da takobin ne ma ni Defense nake ɗauka, sake jefa dayis yana da daɗi a tebur na sani, amma yana cin lokaci kuma ribar kaɗan ce.

Sai zaɓin makamin kansa. Takobi 2d6, guduma 2d6, gatari 1d12. Mutane suna kallon 7 da 6.5 su ce kusan ɗaya ne, amma yadda lambobin ke faɗowa ba ɗaya ba ne sam. Dayis biyu suna taruwa a tsakiya, 7 tana zuwa sau 6 cikin 36, 2 da 12 kowanne sau ɗaya tak cikin 36. Dayis mai fuska 12 kuwa ba ruwansa, 1 da 12 duk damarsu ɗaya. Ga inda za ka ga aikin abin: goblin a littafin dodanni na 2014 HP 7 gare shi, wato yawan ɓarnar da zai sha kafin ya faɗi, da ƙarfin +3 kana buƙatar 4 a dayis ka gama da shi sara ɗaya, da takobi za ka samu sau 33 cikin 36, kusan kashi 92, da gatari kashi 75. Amma in dodon da ake kira ok (orc) ne mai HP 15, kana buƙatar 12 cif, gatari zai ba ka sau ɗaya cikin 12, takobi sau ɗaya cikin 36. Toh takobi na mai son tabbas ne, gatari na mai son ranar da za a daɗe ana labari. Inda gatari ke wuce takobi da gaske shi ne hannun babariyan, wato mayaƙi mai fushi, na 2014 daga lebul 9, ko ɗan rabin-ok, saboda su in suka yi kirit, wato 20 ta faɗo, ƙarin dayis ɗaya na makami ake ba su, ɗaya tak, mai gatari ya ƙara d12 mai takobi ya ƙara d6. Kai da kake faita, in ba rabin-ok ka zaɓa ba wannan bai shafe ka ba.

Guduma kuwa ita ce makamin da aka fi zalunta a wasan nan. Ɓarnarta ɗaya da takobi, zinari 10 take shi kuma 50, kuma duka take yi ba yanka ba. Ƙwarangwal masu tafiya, waɗanda kusan duk wasan farko sai ka haɗu da su a kabari ko kogo, ninki biyu suke sha daga makamin duka. Akwai kuma dodannin nan masu kama da kunu mai yauƙi, irin black pudding, in ka sare su da kaifi ba ya yi musu komai sai ma su rabu biyu ka ƙara wa kanka aiki. A dokar 2024 da aka ba kowane makami nasa ƙwarewa, guduma ta samu ta kayar da mutum, in ka same shi sai ya jefa dayis ɗin juriya, in ya faɗi sai ƙasa, shi kuma wanda ke kwance duk mai saransa daga kusa yana da adbanteji, wato ya jefa dayis biyu ya ɗauki babba. Sai dai ka lura, maharbin ƙungiyarku ba zai gode maka ba, harbin wanda ke kwance daga nesa dayis biyu ne a ɗauki ƙarami. Takobi kuma ya samu wata ƙwarewa mai kyau ƙwarai ga sabon ɗan wasa, ko ka kuskure sai ka yi ɓarna daidai lambar ƙarfinka, in +3 ne 3, babu zagayen da za ka tashi hannu rabbana. Gatari ya samu tsallakawa kan mutum na biyu da ke kusa da na farko, sau ɗaya a zagaye kuma ba a ƙara lambar ƙarfi a na biyun.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa a dokar 2014, baiwar Great Weapon Master. Kafin ka kai sara da makami mai nauyi za ka iya cewa na rage 5 a saiti, wato a jifan dayis ɗin da ke nuna ko ka samu, in ya samu a ƙara 10 a ɓarna. Sannan in ka yi kirit ko ka kashe wani, ka samu ƙarin sara da bonas. Wannan baiwar ita ce ainihin dalilin da ya sa masu lissafi suke cewa hannu biyu ya fi garkuwa, ba takobin ba. Amma na ga mutane da yawa sun ɗauke ta sun ƙi jininta, saboda suna amfani da ita a kan kowa, sai su yi ta saran iska zagaye uku a jere. Bari mu yi lissafin a fili. Faita lebul 5, ƙarfi 18, wato +4, yana da +7 a saiti, takobinsa 2d6+4, matsakaici 11. A kan AC 15 yana buƙatar 8, kashi 65 kenan, ka ninka da 11 ka samu 7.15. In ya rage 5 yana buƙatar 13, kashi 40, ka ninka da 21 ka samu 8.4, akwai riba. A kan AC 17 har yanzu akwai 'yar riba, 6.3 da 6.05. A kan AC 18 ta ƙare, 5.25 da 5.5, gara saran yau da kullum. Toh ga faita irin wannan iyakar tana wajen 17, kuma in kana da salon sake jefa dayis iyakar tana saukowa 16, don saranka na asali ya riga ya ƙara tsada, kuskurensa ya fi ciwo. Wani dalilin kenan da ya sa nake cewa Defense.

Amma da zarar ka samu adbanteji komai ya canza. A kan AC 18 ɗin nan dai, da dayis biyu saran yau da kullum yana samu kashi 75, ya ba ka 8.25, mai rage 5 yana samu kusan kashi 44, ya ba ka sama da 9. Shi ya sa babariyan ya fi kowa jin daɗin baiwar, tun lebul 2 yana iya ba kansa adbanteji duk lokacin da ya so, ya yarda a samu adbanteji a kansa shi ma, fushinsa kuma yana raba ɓarnar sara da suka da duka gida biyu. Kai faita sai ka nemo naka daga waje. Malamin addu'a na ƙungiyarku ya yi muku Bless, ƙarin d4 a kowane saiti, matsakaici 2.5, rabin abin da ka rage ya dawo. Wani ya kayar maka da dodon ƙasa. Ko ka zaɓi reshen Battle Master a lebul 3 ka riƙa ƙara d8 a saitin da ka ga ya kusa samu amma bai kai ba. Kuma kar ka ɓata +10 a kan ɗan goblin mai HP 7, saran banza ma ya ishe shi, abin da kake buƙata a kansa shi ne ka samu, in ya mutu ga ƙarin sara na bonas yana jiranka.

A 2024 an cire wannan cacar gaba ɗaya. Yanzu baiwar tana ba ka +1 a ƙarfi, tana ƙara lambar ƙwarewarka a ɓarnar makami mai nauyi, +2 a lebul 4, +3 a lebul 5, har +6 a ƙarshe, ba tare da ka rage komai ba, ƙarin saran bonas ɗin kuma yana nan. Wasu tsofaffin 'yan wasa sun ji haushi, ni kuwa a matsayin mai jan wasa na ji daɗi, saboda a da in mutum ɗaya ya iya haɗa -5/+10 da adbanteji sai ya riƙa fitar da ninkin abin da sauran ke fitarwa, mai garkuwa da mai takubba biyu su zama 'yan rakiya, ni kuma in ƙara wa dodanni AC don in rage shi sai in cuci sauran. Yanzu ratar ta ragu amma hannu biyu har yanzu yana gaba a ɓarna.

Akwai salo na uku da ba ka ambata ba kuma a ganina shi ya fi duka, dogayen makamai masu sanda, halbad da gilef, ka ɗauka kamar barandami ne ko adda aka ɗaura a kan doguwar gora. 1d10 ne, ƙasa da takobi da maki ɗaya da rabi, amma suna kaiwa ƙafa 10 maimakon 5. A kan taswira murabba'i biyu kenan. Za ka iya tsayawa bayan abokinka mai garkuwa kana sara ta kansa, za ka iya saran dodo ka ja baya ba tare da ya samu damar rama maka ba tunda ba ka shiga hannunsa ba tun farko. Ka lura da wannan sosai, don shi ne amsar matsalar garkuwar da muka fara da ita, wanda bai kai gare ka ba ai ba ka buƙatar kare saransa. In ka ƙara baiwar Polearm Master sai ka samu bugu da gindin sandar a kowane zagaye da bonas, d4 ne amma ana ƙara lambar ƙarfi, kuma a 2014 +10 ɗin nan yana hawa kansa shi ma, sannan duk wanda ya shigo iyakar makaminka kana da damar tarbarsa da sara kafin ya iso. Masu haɗa ta da baiwar Sentinel a 2014 suna tsayar da dodo cak a ƙafa 10, ya kasa ƙarasowa. A 2024 an sake rubuta dokar tarbar yadda wannan haɗin ba ya aiki, saboda haka kar ka gina mutuminka a kansa sai ka tabbatar da littafin da kuke bi.

Na taɓa jan wani wasa da mutum huɗu, faita mai ƙaton takobi, matsafi, maharbi da ɓarawo, babu mai garkuwa babu mai warkarwa. Faitan nan ba laifinsa ba ne, ya gina mutuminsa daidai, amma shi kaɗai ne a gaba, duk wani hari a kansa yake sauka da AC 16, kusan kowane faɗa sai ya faɗi a zagaye na biyu ko na uku, sauran su yi ta neman yadda za su ja shi. Abin ya dame ni don na ga yana rasa sha'awar wasan. Muka zauna na bar shi ya canza salo zuwa Defense ya koma halbad, ya koyi tsayawa a bakin ƙofa ko lungu yadda mutum ɗaya ko biyu kawai za su iya zuwa masa, daga nan wasan ya gyaru. Shi ya sa in ka tambaye ni hannu biyu ko garkuwa, ni ma sai in tambaye ka su waye a teburinku. In akwai faladin ko malamin addu'a mai sulke da garkuwa da zai tsaya tare da kai, ɗauki takobinka hankali kwance, aikinka ka rage yawan abokan gaba da wuri, dodon da ya mutu a zagaye na biyu ba zai sari kowa a na uku ba. In kai kaɗai ne katangar, toh ko garkuwa, ko doguwar sanda da Defense.

Wannan cinikin tsoho ne, tun farkon wasan ake ta juya shi. A bugun farko na 1974 da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar, duk makami d6 yake yi, wuƙa da ƙaton takobi ɗaya, babu dalilin barin garkuwa ko kaɗan, sai a ƙarin littafin 1975 aka bambanta ɓarnar makamai. A bugun AD&D da ya biyo baya takobin hannu biyu 1d10 yake yi wa mutum amma 3d6 a kan manyan dodanni, kuma an sa shi cikin makamai masu jinkiri. A bugu na 3.5 na 2003 ne hannu biyu ya zama sarki, lambar ƙarfinka ɗaya da rabi ake ƙarawa, kuma da baiwar Power Attack duk 1 da ka rage a saiti 2 kake samu a ɓarna, lissafin -5/+10 ma irin wannan ne. Pathfinder na kamfanin Paizo da ya fito 2009 ya gaji wannan, a nasu bugu na biyu na 2019 kuwa sai suka bi wata hanya da nake ganin ta fi adalci, kowa yana da aiki uku a zagaye, mai garkuwa sai ya kashe ɗaya wajen ɗaga ta kafin ya samu +2, mai takobin d12 kuma in ya saki hannu ɗaya sai ya kashe aiki kafin ya mayar. In wata rana kuka koma can kar ka ɗauki lissafin D&D ka tafi da shi.

A tarihi na gaske ma haka abin yake. Mayaƙan Ingila masu dogon gatari a yaƙin Hestins na 1066 cikin sahun masu garkuwa suke faɗa, ba su kaɗai a fili ba. Manyan takubban hannu biyu sun yi tashe ne a Turai bayan sulken ƙarfe ya inganta har garkuwa ta rage amfani, sojojin haya na Jamus a ƙarni na 16 suna riƙe su a cikin rundunar masu dogayen masu. Kuma ba su da nauyin da ake zato, fam 6 da littafin wasan ya rubuta, kusan kilo 2.7, bai yi nisa da na gaske ba. Kaga ko a can mai babban makami da sulkensa da abokansa ya dogara.

Sai ƙananan abubuwan da ba a koya sai a tebur. Hannu biyu ana buƙatarsa ne lokacin sara kawai, tsakanin sara za ka iya riƙe takobin da hannu ɗaya ka buɗe ƙofa, ka sha maganin warkarwa, ko ka yi alamar tsafi in mutuminka yana yi, nan ka fi mai garkuwa sakewa don shi cire garkuwa ko ɗaura ta aikin zagaye guda ne. Amma in ka cafke mutum da hannu ɗaya ba za ka iya saransa da takobin ba, in kana son kokawa dogon takobi ya fi maka, d8 a hannu ɗaya d10 a hannu biyu. In mutuminka ɗan'adam ne ba ya gani a duhu, ka san wanda zai riƙe fitila kafin ku shiga kogo, kai da faɗa ya tashi sai ka yar da ita. Ka riƙa yawo da masu na jifa ko da huɗu ne, d6 suke yi da lambar ƙarfinka har ƙafa 30, don ranar da dodo mai fiffike ya ƙi saukowa takobinka ado ne kawai. Sannan in kana son ƙaramin mutum irin hafilin ko nom, a 2014 makami mai nauyi dayis biyu a ɗauki ƙarami ne a hannunsu, a 2024 an cire maganar girman jiki, ƙarfi 13 kawai ake nema.

In ni ne a kujerarka kuma akwai wani mai tsayawa gaba tare da ni, ƙarfi 16 zan fara da shi, juriya 14 ko 15, sulken sarƙa mai AC 16 da ake ba faita tun farko, salon Defense ya kai ni 17, takobin da raina ke so a hannu, guduma ta biyu a baya saboda ƙwarangwal tunda zinari 10 ce. A lebul 4 in dokar 2024 ce Great Weapon Master kai tsaye, ƙarfin 17 ma zan fara da shi in ya yiwu don +1 ɗin ya kai ni 18. In ta 2014 ce zan duba ko akwai mai ba ni adbanteji ko Bless a ƙungiyar, in akwai in ɗauki baiwar, in babu in kai ƙarfi 18 tukuna, tunda faita yana da wani zaɓin a lebul 6, ba sai ya jira 8 kamar sauran ba. Kuma ka roƙi mai jan wasanku tun yanzu ya ba ka damar canza salo ko makami bayan zama uku ko huɗu in ka ga bai karɓe ka ba, yawancinmu muna yarda in aka tambaya tun kafin a fara.